Motar da Ba Ta Shiga Lungunmu Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma uban ƙungiyarmu ta matasan direbobin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, Alhaji Zakariyya; masu unguwanni da suka ajiye ayyukansu suka zo; limamanmu da dattawanmu; iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin rumfa; kanikawa da masu faci da masu sayar da kayan gyara, waɗanda ba don su ba da rabinmu a ƙasa muka tako zuwa nan; maƙwabtanmu Kiristoci da muke cin kasuwa ɗaya, muke bin layin mai ɗaya; 'yan'uwana masu Adaidaita Sahu, da waɗanda suka riga suka hau mota, da waɗanda zuciyarsu ta riga ta hau, jikin ne bai hau ba tukuna: assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da yamma.

Ina godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ko da yake da ya fara yi mini maganar sai da na roƙe shi ya nemi wani. Ya ce, "Ashiru, matasanmu da yawa suna shirin sayar da keke su sayi mota, su shiga hayar nan da ake kira ta waya. Masu motoci sun yi musu magana, ba su ji ba. Kai da ka saya ka sayar, wataƙila su ji taka." Na kwana uku ina juya abin, sannan na amsa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ashiru, ɗan Malam Shehu Magini na Gyaɗi-Gyaɗi. Shekarata tara ina tuƙa Adaidaita. Na sayi mota, na yi wata shida da ita, na sayar, na koma kan keke. Abin da zan faɗa yau game da sayen sabuwar mota ba a takarda na karanto shi ba. A gidanmu ya faru.

Magana ta farko ita ce wadda kowa ya zo ji, don haka zan fara sauke ta, ba ta da tsawo. In za ka sayi mota, ka duba takardunta, ka ga lambar da ke jikin takarda ita ce a jikin shasi. Ka tambayi yadda take shan mai, amma ba dillali za ka tambaya ba, ka nemi wanda yake tuƙa irinta. Ka bincika ko ana samun kayanta a kasuwanninmu, kada fitila ɗaya ta fashe ka ajiye mota wata biyu kana jiran saƙo daga Legas. Ka tuƙa ta da kanka, ka hau da ita hanya mai gargada, ka kashe rediyo ka saurari ƙasanta. Ka je da rana, domin fenti yana ɓoye abubuwa da yawa in rana ta yi sanyi. Duk wannan gaskiya ne, kuma ku riƙe shi.

Amma jama'a, ni duk na yi wannan. Wallahi duk na yi. Motar da na saya lafiyayya ce, ba wanda ya cuce ni, ba wanda ya ɓoye mini aibi. Kuma ita ce abin da na fi nadama a rayuwata. To ku ba ni aron kunnuwanku in gaya muku abin da ban duba ba.

Shekara biyu da suka wuce, mahaifina yana kan aikin gini a Daurawa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannun dama da ƙafar dama suka daina amsawa. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, don haka jinya ta faɗo kaina da kan ƙanwata Fiddausi, wadda take ɗinki a gida. Likita ya ce a riƙa kai shi asibiti gashin ƙashi sau uku a mako, kada a yi wasa da shi. Ni nake kai shi a kekena. Wanda ya san lungunmu ya san yadda yake: daga bakin titi akwai kwalbati, a hagu katanga, a dama falwaya, sannan ka miƙe har ƙofar gidanmu. Keke yana shiga tsaf. Sai in juya shi in manna da ƙofar zaure, Baba ya dafa kafaɗata, taku biyu ya zauna, in sauke labule. Ba wanda yake ganin shigarsa, ba wanda yake ganin fitarsa. Cikin wata uku ya fara tsayawa da sanda. Yatsun ƙafarsa suka fara motsi. Ran da ya taka daga bakin ɗakinsa zuwa gindin randa da kansa, Fiddausi kuka ta yi.

A nan ne tunanin mota ya shige ni. Ina kallonsa ta madubi in mun faɗa rami, yana cije baki. In ga 'ya'yan wasu suna sauke iyayensu daga mota mai sanyi, nawa uban yana fitowa daga keke da ƙura a gemu. Na ce wallahi sai na hutar da shi. Wannan rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin, tunda a gaban dattawa nake ba zan ɓoye ba, ina so majalisar mai shayin bakin layinmu ta ga ɗan Magini ya sauko daga mota.

Magana ta biyu ke nan, kuma ita ce babba: kafin ka tambayi wace mota ce, ka tambayi wa zai hau ta. Ban da wanda zai gan ka a ciki. Wanda zai hau. In tsoho ne, ka duba tsayin kujera, ka duba faɗin ƙofa, ka duba ko zai iya fita ba tare da an cicciɓo shi ba. In mai ciki ce, haka. In kaya za ka ɗauka, haka. Ni don mutum ɗaya na sayi mota, kuma shi kaɗai ne ban tuna da jikinsa ba lokacin da nake zagaya ta.

Magana ta uku: kada ka saya a ɓoye. Kun san halinmu. In mutum zai yi wani abin alheri sai a ce ya rufe bakinsa har ya tabbata, saboda baki, saboda ido. Da wannan aka rene mu, kuma ban ce babu hikima a ciki ba. Amma ni na rufe bakina har ga waɗanda ba za su taɓa yi mini baki ba. Ban gaya wa Fiddausi ba. Ban gaya wa Oga Wale ba, bakaniken da ke bayan kasuwar Tarauni, ga shi can zaune yana sunkuyar da kai, mutumin da tun ina koyon tuƙi yake gyara mini keke. Na sayar da kekena a asirce, na haɗa da abin da na tara, na bi dillali ni kaɗai.

Da muka shiga wurin sayar da motocin, wani wanda bai taɓa sanina ba ya taso yana cewa, "Alhaji, sannu da zuwa! Alhaji, ga wuri!" Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Ya buɗe mini wata doguwa, ruwan toka, sabuwar shigowa, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Tana kwance ƙasa-ƙasa kamar an shimfiɗa ta. Ya kunna sanyi, ya rufe ƙofa, hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Ya ce, "Alhaji, wannan ai kai take jira." 'Yan'uwa, ku ji tsoron wannan minti biyun da za ku yi a cikin sanyi ana kiran ku Alhaji. A cikinsu ake sayen mota, sauran duk tabbatarwa ce.

Na tuƙo ta zuwa gida bayan la'asar. Na karyo kan kwalbati, cikinta ya gogi siminti, ƙuuu, sai da na ji a haƙorina. Na naɗe madubai biyu, na gwada ta dama, falwaya ta tare. Na gwada ta hagu, katanga ta tare. Abin da ya rage ta shige bai wuce faɗin bulo ɗaya mai inci shida ba. Na ja da baya na ajiye ta a bakin titi, na ce a raina ai ba komai.

Jama'a suka taru. Wannan ya shafa, wancan ya leƙa. "Allah Ya sanya alheri!" "Allah Ya tsare!" "Allah Ya sa a kashe lafiya!" Mutum ya fi hamsin, kuma kowannensu ya ga yadda na yi ta fama da bakin lungu. Ba wanda ya tayar mini da maganar lungun. Ban ga laifinsu ba, don haka muke: kafin ka saya ka ɓoye mana, bayan ka saya kuma ba mai ɓata maka farin ciki. To a gaya mini, yaushe ne gaskiya za ta samu ƙofar shiga?

Mutum ɗaya ne ya yi magana, shi ma washegari, da na kai masa ita yana ƙarƙashin wata mota. Oga Wale ya fito yana goge hannu, ya ce, "Ashiru, ka sayi mota ba ka kira ni ba? Ni da nake ɗaure maka salansa da waya in ba ka da ko sisi?" Ya buɗe gaba, ya saurara, ya shiga ƙasa, ya fito. Ya ce, "Inji lafiya. Giya lafiya. Ba a taɓa buga ta ba. Ka iya zaɓe, ɗan Magini." Ina ta washe baki. Sai ya ce, "Amma wannan motar gida mai get ce. A ina za ta kwana? Kuma Baba, ta ina zai shiga?" Na ce, "Oga, za a san yadda za a yi." Ya dube ni, ya ce, "To." Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta.

Magana ta huɗu: ka auna hanyar gidanku. Na san abin dariya ne, ga wasu can suna yi. Ku yi, ni ma da na yi. Amma mu ba a unguwar masu faffaɗan titi muke ba. Mu mutanen lungu ne, mutanen kwalbati da lambatu da falwaya a tsakiyar hanya, inda ruwan sama ɗaya yake mai da layi kogi. Dillali ya san motarsa, bai san lungunku ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani.

Ranar gashi ta zo. Tunda mota ba ta zuwa wurin Baba, sai Baba ya zo wurin mota. Muka ɗora shi a kujerar roba, mu huɗu muka ɗauka. Daga ƙofarmu zuwa bakin titi taku saba'in da uku ne, na ƙirga daga baya. Taku saba'in da uku, ta gaban masallaci, ta gaban mai shayi, ta gaban matan da ke ɗiban ruwa. Kowa da kyakkyawar niyya: "Sannu Malam." "Ya jiki, Malam?" "Ayya, Malam Shehu ne haka?" Mutumin da yake hawa bene hawa uku da bulo a ka. Mutumin da rabin katangun layin nan hannunsa ne. Hularsa ta faɗi a hanya, wani ya ɗauko ya kifa masa a karkace, shi kuma hannun da zai gyara ba ya ɗaguwa. Da muka iso, kujerar motar tana can ƙasa, sai da muka naɗe shi muka tura. A asibiti kuma fitowa ta fi shiga wuya, janyo shi muka yi ta hammata.

Ni ɗan fari ne, kuma Baba mutumin da ne, yana yi mini kunya irin ta ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, "Direba" yake cewa, shi ma ba a gabana ba. In yana da magana da ni, ta bakin Fiddausi take biyowa, ko da kuwa ina tsaye a wurin. Ran da na kawo motar, abin da ya ce shi ne, "Ku gaya wa Direba, Allah Ya sanya alheri."

Ya je sau biyu a haka. Rana ta uku Fiddausi ta ce, "Yaya, Baba ya ce yau jikin ba daɗi." Na ce to a bari sai jibi. Jibi ta ce ya ce bai yi barci ba. Sai damina ta sauka, lungu ya cika, aka ce a bari ƙasa ta sha. Ni kuma ga haya ta buɗe, waya tana ta ƙara, daga Zoo Road zuwa Hotoro, daga Hotoro zuwa Kabuga. Mutane suna yabona da haƙuri, kuma da haƙurin nan na cuci ubana, domin kullum cewa nake kada a takura wa tsoho, a bar shi sai ya ji daɗi. Sau ɗaya na ce ko in kira wani abokina mai keke ya riƙa shigowa yana ɗaukarsa. Amsa ta dawo ta bakin Fiddausi: "Ya ce a'a." Ban tambayi dalili ba. Na ji sauƙi ma da ya ce a'a.

Wata biyar, jama'a. Wata biyar ƙafar nan ba ta ga gashi ba. Sanda ta koma bayan ƙofa. Randar da yake takawa ya je, aka dawo ana kawo masa ruwa a kofi.

Wata safiya ina goge motar a bakin titi, sai ga Fiddausi ta fito da mayafi, abin da ba ta saba ba. Ta miƙo mini wannan igiyar. Ga ta, ku gan ta. Igiyar awon Baba ce ta gini. Kun ga ƙulli biyu a jikinta, kusa da juna. Ta ce, "Yaya, Baba ya hana ni faɗa, amma na gaji, in zai yi fushi ya yi. Washegarin da ka kawo motar nan ya aike ni in auno faɗinta, in kuma auno bakin lungu. Da hannu ɗaya da haƙori ya ƙulla waɗannan. Ya daɗe yana kallon tsakaninsu, sannan ya tura ta ƙarƙashin filo." Na ce, "To me ya hana shi hawa keken wani?" Ta ce, "Kai ma ka sani. Cewa ya yi, in aka ga keken haya ya shigo ɗaukarsa alhali motarka tana bakin titi, me mutane za su ce da Direba? Ya ce gara ƙafar ta jira."

Gara ƙafar ta jira. Ni ina can ina tsare mutuncina a gaban mai shayi, shi yana kwance yana biyan kuɗin mutuncin nawa da ƙafarsa.

A makon nan na sayar da motar. Oga Wale ne ya raka ni muka zaɓo keke, bai ce mini "ai na gaya maka" ba ko sau ɗaya, Allah Ya saka masa. Na shigo lungu, na juya, na manna da ƙofar zaure kamar da. Amma wannan karon ba taku biyu ba ne, ɗaukarsa na yi. Ma'aikaciyar gashi ta duba katinsa, ta duba kwanan wata, ta kama ƙafar ta lanƙwasa, ƙafa ta ƙi. Ta ce, "Ina kuka shiga? Watannin farkon nan su ne ake samun abin da ake samu. Za mu ci gaba, amma ba zan yi muku alƙawari ba." Yau shekara guda muna zuwa ba fashi. Bai sake tsayawa ba.

Na san lafiya ta Allah ce. Ban ce da ya ci gaba da zuwa lalle da ya taka ba, wannan ilimin yana wurin Ubangiji. Abin da na sani shi ne ƙofa tana buɗe, ni na faka mota a bakinta.

A hanyarmu ta dawowa ranar da muka koma gashin, mun tsaya a danja, sai na ji murya daga baya. Ba Fiddausi a keken, mu biyu ne. A iya sanina, ranar ce ta farko da ya yi mini magana kai tsaye tun ina yaro. Ya ce, "Direba." Na ce, "Na'am, Baba." Ya ce, "Motar nan taka kyakkyawa ce. Lungun ne ya yi kaɗan. Katangar bakin layin ni na gina ta, kuma na shigo da ita bulo ɗaya cikin hanya. Laifin magini ne." Aka ba mu hannu, na kasa tashi, sai da na bayana suka yi ta danna ham.

Daga baya na je da wannan igiyar na duba katangar. Daidai take da ta maƙwabta, ko yatsa ɗaya ba ta shigo ba. Malam Shehu bai taɓa cin hanya a gini ba. Ban gaya masa na duba ba, kuma ina roƙon wanda ya je gaishe shi cikinku kada ya gaya masa.

'Yan'uwana matasa, ban zo in hana kowa sayen mota ba. Ku saya, Allah Ya hore muku, ni ma in Ya so wata rana zan sake. Amma kafin ka je wurin dillali, ka shiga cikin gida. Ka zauna da wanda za ka ɗauka. In yana jin kunyarka, ka tambayi wanda ba ya jin kunyarsa. Ka gaya wa mutum biyu da suke iya ce maka a'a, ka tafi da ɗayansu. Ka samu igiya, ko ta shanya ce, ka auna bakin lungunku, ka sa ta a aljihu. In an rufe ka cikin sanyi an fara kiran ka Alhaji, ka sa hannu ka taɓa ta. Kuma bayan ka saya, in wani a gidanku ya fara cewa yau jikin ba daɗi, kada ka ce to. Ka tsuguna ka tambaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya ba Malam Shehu sauƙi, Ya sa abin da ya same shi ya zama kankarar zunubi, Ya yafe mini abin da na jawo masa. Allah Ya saka wa masu jinya irin Fiddausi da alheri. Allah Ya tsare mu a kan titi, mu da fasinjojinmu da masu tafiya a ƙasa. Allah Ya albarkaci ƙungiyarmu da shugabanninta, Ya zaunar da unguwanninmu lafiya, Musulminmu da Kiristanmu. Wanda ya yi niyyar mota, Allah Ya ba shi wadda za ta kai har ƙofar gidansu. Allah Ya mai da kowa gida lafiya.

Gobe Litinin, ƙarfe bakwai muna da gashi. Na gode.